Ranar da Na Raka Gwaggo Dije

Maigidana tela ne a unguwar Birni, nan cikin Damagaram, kekensa kuma na ƙafa ne. Na fara da wannan don mai karatu ya san abin da muka kusa rasawa. Shekara talatin yana taka keken nan da ƙafar dama, da ita aka ciyar da mu, da ita aka aurar da ƴarmu Ummi. Yau ya warke, alhamdu lillahi, ina rubutun nan ina jin ƙarar keken daga zaure. Na ce bari in rubuta yadda jinyar ta kasance, domin akwai kuskuren da na yi wanda duk macen da aka yi wa tarbiyya a Damagaram za ta iya yi, kuma a lokacin ta ɗauka daidai take yi.

Shekara huɗu ke nan da aka ce yana da ciwon suga. Ƙwayoyinsa yana sha in ya tuna, shayi mai zaƙi kuwa ko bai tuna ba yana sha. Saura wata guda da ƴan kwanaki babbar Sallah, lokacin da ɗinki ya yi masa yawa har abinci a kan keke yake ci, sai ya taka karyayyiyar allura a shago. Bai ji ba. Ni na gani, ranar da na ɗauki takalminsa zan goge na tarar da jini ya bushe a ciki.

Na ce, "Baban Ummi, mene ne wannan?"

Ya ɗaga ƙafar ya duba kamar ta wani ce, ya ce, "Ɗan tsini ne, Hajara. Bari Sallah ta wuce."

Makon farko mun sha shawara har mun ƙoshi. Maƙwabciyata ta ce lalle. Ƙaninsa Lawali, mai shago a kasuwa, ya kawo zuma a kwalba, ya rantse ta daji ce. Wanzamin unguwa ya zo ya matse wurin, ya shafa wani baƙin gari, ya ce kwana uku. Ni ma ban wanke kaina ba, don ni nake gasa masa ƙafar da ruwan zafi da gishiri kowace yamma, ina jin daɗin ina yin wani abu. A mako na biyu ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ƙananan yatsu biyu suka fara baƙi, ɗakin ya ɗauki wani wari da turare bai iya rufewa ba. Duk da haka mutumin nan sai ya ɗora ƙafar a kan kujera ya koma taka keke da ta hagu. Ranar Lahadi da safe zazzaɓi ya kwantar da shi, na yi masa magana ya amsa mini da zancen wata rigar da ya ɗinka shekara goma da suka wuce. Ban ƙara neman shawarar kowa ba. Na kira Lawali, muka sa shi a adaidaita sai asibiti.

Aka karɓe mu a ɗakin gaggawa, wanda kowa a garin nan yake kira urjans. Ba zan yi musu ƙarya ba, ba su ɓata lokaci ba. Kafin in gama ba da sunansa an sa masa ƙarin ruwa, an yi masa allurar suga, an miƙo wa Lawali takardar magani. Akuyoyina biyu sun tafi a kan magungunan jinyar nan, ban kuma yi kewarsu ba. Likitan wani siriri ne marar yawan magana. Ya kwance tsumman da na ɗaure ƙafar, ya dubi baƙin garin wanzami, ya dube ni irin duban da na gwammace ya zage ni. Sai ya zaro bik, wato biro, daga aljihu ya ja layi a kan fatar, daidai inda jan kumburin ya tsaya, ɗan ƙasa da idon sawu.

Ya ce, "Hajiya, ki riƙa duba layin nan. In jan ya tsaya ƙasa da shi, muna maganar yatsu. In ya haura idon sawu, maganar ta canja. Ƙafar mai suga awoyi take ƙirgawa, ba kwanaki ba."

Ya ce aikin na masu fiɗa ne, kuma sai an ba shi gado a ɗakinsu kafin a sa sunansa cikin waɗanda za a yi wa aiki. Na ce to a kai shi mana. Ya ce babu gado, duk a cike suke, sai an sallami wani.

Cikin ma'aikatan da ke wurin akwai Madam Rifkatu, ƴar unguwar Kara-Kara. Tana leƙa fuskar maigidana ta ce, "Kai! Ashe telanmu ne!" Shi ne yake ɗinka wa matan cocinsu anko duk Kirsimeti. Ta ja ni gefe ta yi mini bayanin da ba a rubuta a kowane bango ba.

Ta ce, "Maman Ummi, ki saurare ni da kyau. Likitoci suna zagayen marasa lafiya daga ƙarfe takwas zuwa goma. A nan suke sallamar wanda za su sallama. Kafin mutum ya tattara kwanukansa, ya yi ban kwana, a goge gado, sha ɗaya ta yi. Daga nan majo, shugaban ɗakin, zai aiko Illa mai tura gado da takarda. Tsakanin sha ɗaya da ƙarfe ɗaya ke nan. In ya zo dole ya tarar da mai jinya riƙe da takardun marar lafiya da magungunansa. In babu mai jinya, na bayanku zai ɗauka. Bayan azahar kuma ba a cika samun gado ba sai gobe. Kada ki ɗaga daga nan a wannan lokacin."

Na ce, "Madam, ina zan je?"

Mutum ɗaya ake bari ya zauna da marar lafiya a urjans, ni ce. Lawali sai yamma yake zuwa in ya rufe shago, Ummi kuma tana da tsohon ciki, na hana ta. Ranar Litinin na zauna daga safe har azahar, Illa ya zo sau ɗaya ya ɗauki wata mata zuwa wani ɗaki daban. Jan yana nan ƙasa da layi, ya matso dai kaɗan. Madam Rifkatu ta ce sunanmu ne a sama, gobe in Allah ya yarda.

Ranar Talata Gwaggo Dije ta zo daga Zermu.

Gwaggo Dije ƙanwar mahaifin maigidana ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, ita ta kai shi koyon ɗinki. Ta haura tamanin. Tun asuba ta shigo motar kasuwa da ƙwaryar fura da ƙwan zabi a cikin gero don kada su fashe. A asibitin nan kuwa lokacin da ake buɗe wa masu dubiya ƙofa shi ne dai lokacin da gadaje suke fitowa, ban san wanda ya tsara haka ba, amma ina da magana da shi. Ta shigo wajen sha ɗaya da rabi. Maigidana yana barcin zazzaɓi, ta dafa goshinsa, ta yi masa addu'a, ta share ido da gefen mayafi. Bayan ɗan lokaci ma'aikaci ya ce baƙi su fita, wurin ya cika. Ta miƙe, na miƙe.

Wallahi ban manta da maganar Madam Rifkatu ba. Na dubi agogon bango, sha biyu saura kaɗan. Na ce a raina bakin ƙofa kawai. Amma ku gaya mini, wace mace ce za ta zauna a kan tabarma uwar mijinta ta fita ita kaɗai da sanda? Tun ina ƙarama ake finciko ni in na bar baƙo ya fita babu rakiya. Ƙafata ce ta tashi kafin kaina ya gama tunani.

A bakin ƙofa ta ce, "Koma, ƴar nan." Kowa ya san ba a komawa a ta farko. Muka sauka baranda, muka bi ta ƙarƙashin darbejiya, tana ba ni labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu a Zermu. Ta sake cewa, "Koma, ya isa haka." Ba a komawa a ta biyu ma, balle ga rana, ga tsohuwa, ga babura suna shiga suna fita. A babbar ƙofa ta tuna da ƙwan zabi, ta tsaya ta koya mini yadda zan dafa masa su, ni da na yi shekara talatin ina dafa masa ƙwai. Sannan ga titi, sai na riƙe hannunta muka tsallaka. Sannan babu adaidaita mai wuri, muka jira. Da ta samu ta zauna, sai ta kama hannuna biyu ta fara addu'a. Ta yi wa maigidana, ta yi mini, ta yi wa Ummi da abin da ke cikinta, ta yi wa likitoci, ta yi wa musulmi da wanda ba musulmi ba. Ba a zare hannu babba yana addu'a. Wayata kuwa na bar ta a ƙarƙashin matashin maigidana.

Ina dawowa da sauri na yi kiciɓis da Illa a baranda yana tura wani mutum, wata mata tana biye da shi da tabarma da buta. Har na matsa gefe na ba su hanya, na ce, "Sannu, Allah ya sawwaƙe." Matar ta ce amin.

Fuskar Madam Rifkatu ce ta gaya mini. Ashe gadonmu ne ya wuce ni a baranda.

Ta ce, "Ina kika je? Sau uku ya kira sunansa. Na roƙe shi ya jira, ya jira. Na kira wayarki, ga ta nan tana kuka a ƙarƙashin kan mijinki."

Ni kuwa da ba ni da gaskiya sai faɗa ya zo mini. Na ce, "To ba ga marar lafiyar nan a kwance ba? Ni za a yi wa aikin? Ku ɗauke shi mana, in na zo in bi ku!"

Ta ce, "Can ma'aikaciya ɗaya ce a kan gadaje da yawa. Wa zai riƙe masa ruwan da ake ƙara masa? Wa zai miƙa takardunsa, wa zai je kantin magani in an rubuta? Majo ba ya karɓar mutum shi kaɗai. Na gaya miki, Maman Ummi."

Ta gaya mini. Na zauna a kan tabarma na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Har gobe ina ganin da za su iya jiran minti goma a kai, kuma har gobe na san mutumin da aka ɗauka shi ma ɗan wani ne.

Da la'asar jan ya haura layin. Likitan ya zo, ya duba, ya zaro bik ya ja layi na biyu a kan idon sawu sosai, ya ƙara wata allura, ya wuce bai dube ni ba. Lawali ya zo ya ji labari, ya buɗe baki zai yi magana, ya ga idona, ya fita. Can maigidana ya farka, hankalinsa ya ɗan dawo. Na ce masa Gwaggo ta zo.

Ya ce, "Kin raka ta?"

Na ce, "Na raka ta."

"Har ina?"

"Har ta hau adaidaita."

Ya ce, "To madalla. Allah ya yi miki albarka." Ya koma barci. Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Ashe Gwaggo ba ta koma Zermu ba, a gidan Lawali ta kwana, shi kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Ranar Laraba ana buɗe ƙofa sai ga ta. Na tashi zan gaishe ta, ta ɗaga sanda.

Ta ce, "Zauna. In kika tashi daga tabarmar nan yau, ni da ke ne. Me ya hana ki gaya mini jiya? Bakinki ciwo yake?"

Na ce, "Gwaggo, kunya."

Ta ce, "Kunyar me? Ni na goya yaron nan. Ƙafarsa ko rakiyata?"

Ta fita ta shimfiɗa ɗankwali a baranda daidai bakin ƙofar urjans ta zauna. Ranar kuwa kamar an yi shela. Teloli abokan aikinsa suka zo, surukan Ummi suka zo, matan unguwa suka zo su biyar. Duk wanda ya leƙo ya gaishe mu ya juya, sai Gwaggo ta dogara sanda ta miƙe ta ce, "Baƙin gidan nan nawa ne yau, ni zan raka." Ina hangen ta ta taga, tana tafe a hankali a gefen manyan maza, su kuma kunya ta kama su, suna cewa, "Koma, Inna, don Allah koma," kuma a ranar da gaske suke. Ba wanda ya tafi babu rakiya, ba kuma wanda ya ce matar tela ba ta da tarbiyya.

Ni kuwa ina zaune, takardu a cinya, magunguna a leda a hannu, tabarma ɗaya a naɗe, buta a gefen ƙafa. Ko ruwa ban sha ba tun safe don kada ya kai ni bayi. Sha ɗaya ta yi. Sha biyu ta yi. Sha biyu da rabi, babu Illa. Ina duban agogo, ina duban layi na biyu, jan ya zo ya tsaya a kansa. Na fara lissafin yadda mutum yake taka keke da ƙafa ɗaya har ƙarshen rayuwarsa. Ɗaya saura minti goma na ji ƙarar tayar gadon Illa mai kuka a baranda. Kafin ya gama kiran sunan na ce, "Ga mu!" da ƙarfin da ya sa duk ɗakin suka juyo.

Illa ya yi dariya ya ce, "Hajiya, yau babu rakiya?"

Na ce, "Tura, malam, ma yi wasan a can."

Washegari Alhamis aka shiga da shi ɗakin fiɗa. Sun cire ƙananan yatsu biyu, sun wanke ciki, ƙafar ta tsira. Babban likitan fiɗa ya ce da an ƙara kwana ɗaya da wata maganar muke yi. Na tare shi a baranda na tambaye shi abin da yake ci na: da ranar Talata aka kawo shi, da yatsa ɗaya za a cire? Ya ce, "Hajiya, wannan ban sani ba, kuma ba wanda zai iya gaya miki." Na so ya ce a'a. Bai ce ba, na kuma gode masa da bai yi mini ƙarya ba.

Gadon da ke kusa da namu na mutumin ranar Talata ne, Malam Habu, manomi daga wajen Mirriya, amalanke ta bi ta kan ƙafarsa. Ranar farko ko gaisuwar kirki ban yi wa matarsa Zara ba. Da yamma ta miƙo mini kunu a kofi, ta ce kwanansu uku a urjans suna jira, har ta fid da rai, sai ga shi an ce wata ta tafi rakiya. Ba ta san ni ce ba. Na ce, "Ni ce watar." Ta rufe baki da mayafi, muka dubi juna, sai dariya ta ƙwace mana mu biyu. Daga ranar in zan je kantin magani ita take duba mini maigida, in za ta je ni nake duba mata.

Mako uku muka yi a ɗakin. Kullum da safe wankin ciwo, maigidana yana cije gefen zane, ba ya yarda a ji muryarsa. A can muka yi Sallah. Teloli suka raba ɗinkin da ya bari a tsakaninsu, ba wanda ya rasa kayan Sallarsa. Nama ya yi ta zuwa har muka rasa inda za mu sa, muka raba wa ɗakin duka. Madam Rifkatu takan leƙo in ta tashi aiki, ta ce masa, "Tela, ka yi sauri ka warke, Kirsimeti ba ta jira." Abin da zan yi ƙorafi a kai, bayin ɗakin ne da sauro, da kuma ranar da aka rubuta mana maganin da babu shi a kantuna uku.

Ranar da aka sallame mu, likita yana fita daga ɗakin na fara naɗe tabarma. Maigidana yana so ya bi gado-gado ya yi ban kwana, ga hira ta yi daɗi. Na ce, "Baban Ummi, tashi. Akwai wata can a urjans tana duban agogo. Ka yi sallamarka daga baranda." Kafin goma da rabi mun bar musu gadon. Shi ne abin da nake roƙon duk mai jinya: in an sallame ku da safe ku tashi da wuri, in kuma ku ne masu jira, ku nemi wanda zai raka muku baƙi tun kafin su zo. Mai suga kuma a riƙa duba masa tafin ƙafa kullum, ko yana so ko ba ya so.

Wata biyu bayan haka Gwaggo Dije ta zo ganin jaririn Ummi, ta biyo ta gidanmu. Wani baduku a nan Birni ya ɗinka wa maigidana takalmi mai faɗin baki da laushin ciki, amma iyakarsa daga ɗaki zuwa zaure, bai taɓa fita lungu ba. Ta ci abinci, ta yi la'asar, ta ɗauki sanda. Na jawo mayafina.

Ya ce, "Zauna, Hajara. Ke kin yi taki."

Ya miƙe daga kan keke, ya sa takalmin, ya karɓi ƙullin kayanta. Na tsaya a bakin zaure ina kallonsu cikin yashin lungu, ita da sanda, shi yana ɗan ɗingishi, ba mai saurin da ya fi na wani. A wajen gidan liman na ji ta ce, "Koma, yaro." Bai koma ba. A bakin famfo ta sake faɗa. Ina tsaye har suka sha kwana, yana tafe a gefenta da ƙafafunsa biyu.